Kurajen aski a wuya: ba datti ne ke kawo su ba

An daɗe ana cewa kurajen da ke fesowa a wuya bayan aski datti ne, ko kuma askin ne bai yi ƙwal ba. Shi ya sa wasu ke ƙara kankare wurin, abin kuwa sai ya ƙara ta'azzara.

Yawanci gashin ne da kansa. Reza tana barin bakinsa da tsini, in kuma mai nannaɗewa ne, sai ya lanƙwaso ya soki fata, wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi. A wuya abin ya fi yawa, domin gashin nan ba gefe guda yake kwanciya ba.

Gwajin ba wuya. Duba ƙurjin a madubi, sau da yawa za ka hango gashin a ciki. Ko ka huta da aski na sati 3 zuwa 4, ka ga yadda za su lafa.

In za ka yi aski, jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ka sa kumfa, ka bi kwanciyar gashi, kar ka ja fata. Reza in ta dakushe a canja ta. Ni dai na fi son injin aski, don yana barin ɗan tsawo. In ƙurji ya yi mugunya, a ga likita.

A taimaka a tura wa masu fama da wannan matsala.