Clarksdale: garin auduga da ya raini mawaƙan blues

Ina Clarksdale yake, kuma me ya sa masoya kiɗa ke yawan ambatonsa?

Ƙaramin gari ne a jihar Misisipi da ke kudancin Amurka. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su cika dubu 15 ba. Amma a nan aka haifi mawaƙa Sam Cooke da Ike Turner, su biyun a 1931. Muddy Waters kuma, mawaƙin blues (wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka), a gonar Stovall da ke gefen garin ya girma.

Me ya haɗa auduga da waƙa?

Bayan soke bauta a 1865, baƙaƙen fata sun ci gaba da noma gonakin fararen fata bisa sharaɗin raba amfanin gona. Sai kaka ta yi, a yi lissafi, manomi ya tarar bashi ma ake bin sa. Ranar Asabar da dare akan taru a wata 'yar rumfa, mai jita ya zauna yana kukan talauci da soyayya da tafiya. Daga irin wannan zama blues na yankin ya fito.

Ta yaya kiɗan ƙauye ya zagaya duniya?

Labarin Muddy Waters ya isa misali. A 1941 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya je har bukkarsa da na'urar ɗaukar murya, ya naɗi waƙoƙinsa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A lokacin, tarakta Muddy Waters yake tuƙawa a gona. Shekara biyu bayan haka ya kama hanyar Chicago, kamar dubban 'yan'uwansa da suka gudu daga wariyar launin fata. A can hayaniyar mashaya ta danne jitarsa, sai ya koma ta lantarki. Samarin Ingila suka ji, suka kwaikwaya. Ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Rolling Stones ma daga wata waƙarsa ta samo sunanta.

Me ya rage a garin yau?

Akwai gidan tarihin Delta Blues da aka kafa a 1979, inda aka ajiye ragowar bukkar Muddy Waters. A 2001 ɗan fim Morgan Freeman da abokansa suka buɗe gidan kiɗa na Ground Zero. 'Yan yawon buɗe ido na zuwa daga Turai, sai dai a ganina kuɗinsu bai taɓa talakan garin sosai ba. Otal ɗin Riverside ma yana nan. Da asibitin baƙaƙen fata ne, a cikinsa mawaƙiyar blues Bessie Smith ta rasu a 1937 bayan haɗarin mota.