Idan Mahaifi Ya Cire Ɗansa Baligi Daga Wasiyya, Ya Rasa Gado Ke Nan?

Shin mahaifi yana da ikon hana ɗansa gado ta hanyar wasiyya?

Wannan ya danganta da dokar da za a bi wajen raba dukiyar. A shari'ar Musulunci ba shi da wannan iko, domin an riga an ƙayyade kason kowane magaji, kuma wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Ko da uba ya rubuta da hannunsa cewa wane ba zai ci gadonsa ba, alƙali ba zai yi aiki da wannan magana ba. Abin da ke hana gado shi ne kashe mamacin ko bambancin addini, amma saɓani, ƙaurace wa gida da auren da iyaye ba su so ba, duk ba sa ciki.

Dokar Faransa ma ta keɓe wa 'ya'ya kason da wasiyya ba ta taɓawa: rabin dukiya ga ɗa guda, kashi 2 cikin 3 ga biyu, kashi 3 cikin 4 ga uku ko fiye.

To, a inda mutum yake da 'yancin bar wa wanda ya ga dama dukiyarsa fa?

A Ingila haka abin yake, sai dai wata doka ta 1975 ta ba ɗa damar neman kotu ta yanka masa abin da zai riƙe kansa da shi, kuma a ƙa'ida dole ya shigar da ƙara cikin wata 6 daga ranar da kotu ta ba da izinin gudanar da dukiyar. Baligin da yake da sana'a da rufin asiri ba kasafai yake yin nasara ba, domin buƙata ake dubawa, ba zafin an yi watsi da shi ba. A shari'ar Heather Ilott, wadda mahaifiyarta ta bar kusan dukan dukiyarta, wajen fam 486,000, ga ƙungiyoyin kula da dabbobi, Kotun Ƙolin Birtaniya a 2017 ta tabbatar mata da fam 50,000 kacal, duk kuwa da cewa tana cikin ƙuncin rayuwa. A ganina mai shirin kai ƙara ya kamata ya fara auna wannan adadi da kuɗin lauya.

Ana iya rushe wasiyyar gaba ɗaya?

Ana iya yi idan aka tabbatar da cewa mamacin ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya sa hannu, ko an tilasta masa, ko takardar jabu ce, ko ba a cika sharaɗin shaidu ba. Kotu hujja take nema, irin bayanan likita da shaidar waɗanda suka halarta. Idan wasiyyar ta rushe, akan koma ga wadda ta gabace ta, wadda mai yiwuwa ita ma babu sunan mai ƙarar a cikinta.