Ba Kyamara Ce Ta Ɗauko Gumurzun Yaƙin Basasar Amurka Ba

Mutane da dama na ɗauka cewa hotunan fafatawa na yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865, kyamara ce ta ɗauke su. Ba haka abin yake ba. Kyamarar wancan zamani gilashi ake shafa wa sinadari, a sa shi tun da danshinsa, a jira daƙiƙoƙi da dama, sannan a wanke nan take a cikin keken doki mai duhu. Duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Shi ya sa hotunan da Alexander Gardner ya ɗauka a fagen daga na Antietam a Satumbar 1862 na gawarwaki ne, bayan ƙura ta lafa.

Hayaƙi da gudu da arangama kuwa, fensir ne ya kama su. Jaridu sun tura masu zane irin su Alfred Waud na Harper's Weekly, kuma jarida ba ta iya buga hoton kyamara a lokacin, sai an sassaƙa zanen a kan katako tukuna.

Waɗanda suka fi taɓa mini zuciya su ne sojojin da suka yi zanen da kansu. Robert Knox Sneden, ƙaramin sojan Arewa mai zana taswira, sojojin Kudu sun kama shi a 1863, ya sha baƙar wuya a kurkukun Andersonville, ya kuma zana abin da idonsa ya gani. Ɗaruruwan zanensa sun yi ta zama a ɓoye har shekarun 1990. A ɓangaren Kudu, Conrad Wise Chapman ya zana ganuwoyin tsaron birnin Charleston yana cikin kakin soja.