Waiwaye: Ɓoyayyen tambari a jikin hoto, nawa yake ɗauka, wa ke iya gano shi?

Masu ɗaukar hoto a Bauchi sun daɗe suna kuka da abu ɗaya. Mutum zai yi sammako a Yankari don ya samu giwaye a bakin ruwa, ko ya sha rana a ƙofar fada ranar hawan sallah, ya rubuta sunansa a kusurwar hoton, kafin magariba wani ya datse gefen ya ɗora a shafinsa. Maganin da ake yawan ambata shi ne ɓoyayyen tambari, wato saƙon da ake cusawa cikin ɗigogin hoton yadda ido ba zai gani ba. Tun farkon wannan fasaha tambaya biyu ke bin ta: saƙo nawa hoto zai iya ɗauka, kuma yaya za a gano shi daga baya.

Daga takarda abin ya samo asali. Masu yin takarda a Fabriano ta Italiya sun fara saka alamarsu a ƙarshen ƙarni na 13, irin wadda muke gani idan muka ɗaga takardar naira dubu ga haske. Shigarsa kwamfuta sosai sai farkon shekarun 1990, lokacin da Andrew Tirkel da abokan aikinsa a Ostireliya suka wallafa gwaje-gwajensu a 1993 da 1994.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Kowane ɗigo na hoto lambobi uku ne, na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Ka mai da 200 ta koma 201, babu idon da zai lura. Da haka hoto mai ɗigo miliyan ɗaya zai ɗauki bit miliyan uku (bit shi ne mafi ƙanƙantar awon bayani a kwamfuta, 0 ko 1), kimanin kilobayit 375, abin da ya isa ɗan littafi. Sai dai ana matse hoton zuwa JPEG saƙon ya tafi, kuma matsewa ita ce abin da WhatsApp da Facebook ke yi wa hoton da aka tura ta hanyar da aka saba.

A 1997 Ingemar Cox da abokansa na cibiyar binciken NEC a Amurka suka juya tunanin. Maimakon a ɓoye tambari inda ba shi da muhimmanci, sai suka baza shi kaɗan-kaɗan cikin sassa 1000 mafi ƙarfi na tsarin hoton, kamar gishiri a miya, duk inda ka ɗiba yana ciki. Wanda zai cire shi sai ya ɓata hoton. Amma an biya farashi biyu. Saƙon ya ragu ya koma amsa guda, akwai tambarin ko babu. Kuma kafin a gano shi sai an kawo hoton asali an gwada da wanda ake zargi.

Wannan sharaɗi na biyu ya fi ciwo. Wa zai riƙa kawo asali ga dubban hotunan da ke yawo a intanet? Ga kuma ɓarakar da Scott Craver da abokansa suka nuna a 1998: ɓarawo zai iya debe nasa tambarin daga hoton wani, ya ƙirƙiri asalin bogi, ya ce shi ne mai shi. A daidai lokacin masana a Kambirij suka fito da manhajar StirMark, wadda ke ɗan lanƙwasa hoto kaɗan kawai, sai ga tambarai da yawa sun ɓace wa na'urar ganowa.

Daga nan bincike ya koma neman ganowa ba tare da asali ba. An tono wani lissafi na Max Costa na 1983, wanda ya nuna cewa idan mai sakawa ya san yanayin abin da zai rubuta a kai, wannan yanayin ba zai rage masa saƙo ba, ko da mai karantawa bai san yanayin ba. Brian Chen da Gregory Wornell na jami'ar MIT a Amurka suka gina hanyarsu a kan irin wannan tunani a 2001.

A ganina darasin da ya fi amfani ya fito ne daga kasuwa. A 1996 manhajar tambari ta kamfanin Digimarc ta shiga cikin Photoshop, kuma ba ta ɗora wa hoto sunan mai shi da adireshinsa ba, lamba kawai take sakawa, sauran bayani yana rumbun ajiya. Bit 32 sun isa a ba mutum fiye da biliyan huɗu lamba, kowa da tasa. Har fasahohin yau masu ƙirƙirarriyar basira a wannan awo suke: StegaStamp ta Jami'ar Berkeley a 2019 tana saka bit 100, amma 56 ne saƙo, sauran na gyaran kuskure ne, ita kuwa Stable Signature ta Meta a 2023 bit 48 take ɗauka. Duk wanda ya ce maka manhajarsa za ta ɓoye shafi guda na rubutu kuma ya tsira bayan datsewa da matsewa, ka nemi ya gwada a gabanka.

Abin da ke damuna yanzu shi ne wanda ke riƙe da na'urar ganowa. SynthID da Google ta fitar a Agusta 2023 tana tambarta hotunan da manhajojinta suka ƙirƙira, kuma lokacin fitowarta sai ta kayan aikin Google ake iya dubawa. Idan ta ce ba ta ga komai ba, hakan bai nuna hoton na gaske ba ne, wataƙila wata manhaja ce ta yi shi. Wannan babban abu ne gare mu lokacin zaɓe ko rikici, sa'ad da hoto ɗaya zai iya tayar da unguwa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana cire bayanan mai haƙƙi daga jikin aiki. Amma a gaban alƙali sai an nuna wa ya duba tambarin, da wane mabuɗi (lambar sirrin da ake karanta tambarin da ita), kuma sau nawa na'urar ke cewa akwai alhali babu. Wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe za su iya yi, su gwada manhajojin da kowa zai iya samu a kan hotunan da suka bi ta WhatsApp sau biyu ko uku, su wallafa waɗanda suka tsira. Kafin nan, mai ɗaukar hoto ya adana fayil ɗin da ya fito daga kyamara bai taɓa shi ba, ya riƙa fitar da wanda ya ɗan rage wa girma.