Ba Kowace Zubar Fitsari Ce "Yoyon Fitsari" Ba

Tun da maganar yoyon fitsari ta yi yawa a rediyo da bakin 'yan siyasa, duk macen da fitsari ya kuɓuce mata sai a jefa ta cikin wannan suna. Abin yana ci mini rai, domin lalura biyu ce daban.

Yoyon fitsari na ainihi huda ce tsakanin mafitsara da gaban mace, galibi bayan doguwar naƙuda, fitsari na zuba dare da rana. Ɗayar kuwa babu huda ko kaɗan. Tsokokin ƙasan mara masu tallafe bututun fitsari ne suka saki, saboda haihuwa, ƙiba ko shekaru. Da ta yi tari, atishawa, dariya ko ta ɗauki kaya mai nauyi, sai ya tsarto. In tana kwance, lafiya lau.

Tiyatarsu ma ba ɗaya ba. Ga mai sakin tsoka, a 1961 likita John Burch na Amurka ya bayyana aikin ɗage wuyan mafitsara da zare ta cikin mara. A 1996 likita Ulf Ulmsten na Suwidin ya zo da siririn ƙyallen raga na roba da ake ratsawa ƙarƙashin bututun. Aiki ne gajere, mace kan koma gida a ranar, nan da nan ya mamaye asibitoci. Daga baya koke ya taso: ciwo mai naci, raga tana cin nama tana ɓullowa. A Yulin 2018 Ingila ta dakatar da shi.

Nan ma masu labarai suka dagula zance da "an haramta raga". Abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana sayarwa a 2019 raga ce ta gyaran zazzagowar kayan ciki ta gaban mace, ba ta riƙe fitsari ba. Ta riƙe fitsarin kuwa har yau ana saka ta a Amurka, mata da yawa sun warke da ita.

Yanzu likitoci na komawa ga yanko tantanin tsoka daga cikin macen kanta, ga aikin Burch ta ƙananan hudoji, da allurar da ke cika bangon bututun, ko da yake ita sau da yawa sai an maimaita. A ganina gaggawar kai mace ɗakin tiyata ta fi ragar laifi. Ƙa'ida ita ce a fara da motsa tsokokin mara na aƙalla wata 3 a hannun ƙwararre kafin a ɗauko wuƙa.