Waiwaye: Fankoki 52 da rigimar hurumin kotu kan haƙƙin ƙirƙira a Amurka

Duk shekara idan aka fitar da lissafin ƙararrakin haƙƙin ƙirƙira a Amurka, wato takardar da gwamnati ke ba mai ƙirƙira don kada wani ya kwaikwayi abin da ya ƙirƙiro, muhawara ɗaya ce take dawowa. Me ya sa kamfanin da ke Kaliforniya, ko Taiwan, ko Koriya ta Kudu, zai wayi gari da sammaci daga wata kotu a gabashin Texas, a garin da ko ofishi ba shi da shi? Garin da aka fi ambata shi ne Marshall, wanda mutanensa ba su wuce dubu 23 da 'yan kai ba. A 2015, sama da kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki a duk faɗin ƙasar, a gundumar shari'ar da Marshall ke ciki aka shigar da su, alhali kotunan tarayya na da gunduma 94. Kotun Ƙoli ta sa baki a 2017, aka ce magana ta ƙare. Ƙararrakin suka ragu na ɗan lokaci, suka karkata Delaware, suka kwarara Waco da ke wata gundumar ta Texas, ga shi a 'yan shekarun nan gabashin Texas ta sake komawa sahun gaba.

Masu sharhi sun fi son a tsaya kan kamfanonin nan da ba sa ƙera komai, sai sayen takardun haƙƙi da kai ƙara. Amma ruwa ba ya tsami banza. Duk mai ƙara a duniya zai so ya zaɓi alƙalinsa, abin tambaya shi ne ta ina zaɓin ya shigo hannunsa.

Kafin kotun tarayya ta saurari ƙara a kan baƙon da ba ɗan jihar ba, akwai ƙofa biyu da sai an wuce. Ta farko ita ce hurumi a kan shi wanda ake ƙarar, wato ko kotun tana da ikon kiransa ma tun farko. Wannan daga tsarin mulki ya fito. Ta biyu ita ce mazaunin shari'a, wato wace gunduma ce doka ta yarda a zauna, wannan kuma majalisa ce ke tsara shi. Asalin tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, don ko a fiƙihun Malikiyya mashhurin zance shi ne mai ƙara ke bin wanda yake ƙara zuwa inda yake.

Tarihin ƙofa ta farko ɗaliban lauya sun haddace shi. A 1878 Kotun Ƙoli ta ce ikon kotu ya tsaya a iyakar jiharta. A 1945, a shari'ar kamfanin takalma na International Shoe da jihar Washington, ta sassauta, ta ce idan baƙo yana da wata alaƙa da jihar, gwargwadon da kiransa ba zai zama zalunci ba, to ya amsa kira. A ɓangaren ƙofa ta biyu kuwa, tun 1897 ƙararrakin haƙƙin ƙirƙira ke da dokarsu ta musamman: a kai kamfani ƙara inda yake zaune, ko inda ya keta haƙƙin kuma yake da tsayayyen wurin kasuwanci. A 1957 Kotun Ƙoli ta fassara mazaunin kamfani da jihar da aka yi masa rajista. A 1988 majalisa ta yi wa babbar dokar mazauni wani ɗan gyara, ta ce ana ɗaukar kamfani mazaunin duk gundumar da kotu ke da hurumi a kansa. Shekara biyu bayan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da aka kafa a 1982, wadda duk ɗaukaka ƙarar haƙƙin ƙirƙira ke zuwa gabanta, ta ce gyaran ya shafi wannan fannin ma. Ƙofa biyu suka koma ɗaya. Da zarar an samu hurumi, an samu mazauni.

A nan yawancin masu ba da labarin ke tsallakawa zuwa Texas. Ni kuwa a ganina ba a can labarin yake ba, yana wani kantin kayan gini a Alexandria ta jihar Virginia. Domin idan ƙofa ta rage ɗaya, komai ya koma kan faɗinta, kuma a 1994 aka auna wannan faɗin, a kan fankar silin.

Kamfanin Beverly Hills Fan, mai hedikwata a Kaliforniya, yana da takardar haƙƙi a kan zanen wata fanka. Ya ce wata fanka da kamfanin Ultec ke ƙerawa a Taiwan, kamfanin Royal Sovereign na New Jersey kuma yana shigo da ita, ta kwaikwayi tasa. Bai je New Jersey ba, bai tsaya Kaliforniya ba, sai ya shigar da ƙara a gabashin Virginia. Waɗanda ake ƙara suka ce ba su da ofishi a Virginia, ba ma'aikaci, ba kadara, kuma ba su taɓa aika fankar kai tsaye ga kowa a can ba. Kotun farko ta yarda da su, ta kori ƙarar.

Hujjar mai ƙara ba ta da yawa. Wani mai bincike da ya ɗauka haya ya shiga kantin Builder's Square, ya sayi fanka ɗaya, ya buɗe kwali. A ciki akwai ɗan littafin bayani mai nuna daga Royal Sovereign kayan ya fito, da takardar garanti wadda kamfanin ya ɗauki alkawarin cikawa. Daga baya aka ƙirga, aka samu aƙalla fankoki 52 irinta a rassan kantin da ke jihar. Shi ke nan. Kwali, garanti, da adadi wanda bai cika bayan ƙaramar mota biyu ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta soke korar, kuma abubuwa uku ta faɗa waɗanda har yau ake tafiya a kansu. Na farko, a shari'ar haƙƙin ƙirƙira, ma'auninta za a bi wajen tantance hurumi, ba na kotunan ɗaukaka ƙara na shiyyoyi ba, don a samu magana ɗaya a duk ƙasa. Na biyu, ɓarnar keta haƙƙi tana faruwa ne a inda aka sayar da kayan, domin a nan mai haƙƙin ya rasa ciniki, ba a garin da yake zaune ba. Na uku, wanda ya zuba kayansa a hanyar rarrabawa da aka riga aka shimfiɗa, yana sane da inda za su ƙare, to ya sa ran za a iya kiransa kotu a can, ko da akwai dillalai tsakaninsa da mai saye. Kotun ba ta ce an kwaikwayi fankar ba, wannan wata shari'a ce daban. Abin da ta ce kawai shi ne Virginia na da ikon saurare.

Idan aka ɗauki kowanne shi kaɗai, babu wanda bai yi daidai da hankali ba. Mai ƙera kaya a wata nahiya bai kamata ya ɓuya a bayan dillali ba, kuma ɗan ƙaramin mai ƙirƙira ba zai iya bin kowa har gida ba. Matsalar tana wurin haɗuwa. Ma'aunin da aka yanka a kan fankoki 52 sai ya hau kan wayar salula, da kwamfuta, da manhajar da ake saukewa ta intanet, kayan da babu gundumar da ba sa shiga. Idan ɓarna tana inda aka sayar, kuma ana sayarwa ko'ina, to hurumi yana ko'ina. Gyaran 1988 kuma ya riga ya ce mazauni yana bin hurumi. Daga nan mai ƙara ya samu taswirar Amurka gaba ɗaya a hannunsa, sai inda ya ga dama: inda shari'a ke sauri, inda ba a cika kashe ƙara kafin ta je gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba.

Akwai kuma wani rami da ke ƙarƙashin wannan hukunci. Ita kanta Kotun Ƙoli ba ta taɓa tsayar da magana ɗaya kan kayan da ke bin dillalai ba. A 1987, a shari'ar Asahi, kan bawul ɗin tayar babur da aka ƙera a Japan, alƙalai huɗu suka ce sanin inda kaya za su je ya isa, huɗu suka ce sai an nuna kamfanin ya nufi jihar da gangan. A shari'ar fanka kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi zaɓar ɓangare, ta ce ko da wanne aka auna, an cika mudu. A 2011 Kotun Ƙoli ta sake gwadawa kan wata na'urar yanka ƙarfe daga Ingila da ta ji wa ma'aikaci rauni a New Jersey, kan alƙalan ya sake rabuwa. Gibin yana nan, kuma hukuncin 1994 ne ke cike shi a wannan fanni.

Abin da ya ƙara karkatar da sikelin shi ne a 1998 kotun ɗaukaka ƙarar ta ɗauki wani ma'auni daban ga mai haƙƙi. A shari'ar kamfanin takalma na Red Wing da ke Minnesota, ta ce aika wasiƙar gargaɗi kaɗai zuwa wata jiha bai isa a ja mai haƙƙin zuwa kotun wannan jihar ba. Wato mai ƙera kaya ana iya bin kwalinsa duk inda ya sauka, mai takarda kuwa wasiƙarsa ba ta jawo shi. An ɗan rage wannan kariya daga baya, musamman a 2021, lokacin da kotun ta ce saƙonni 22 cikin wata uku sun wuce gargaɗi.

To me hukuncin 2017 ya gyara? TC Heartland, kamfanin Indiana mai yin ruwan ɗanɗano da ake ɗigawa a ruwan sha, an kai shi ƙara Delaware saboda ɗan kason kayansa da ya je can. Kotun Ƙoli, alƙalai takwas ba saɓani, ta ce fassarar 1957 tana nan daram, kamfanin Amurka mazauninsa jihar rajistarsa. Ƙofa ta biyu ta dawo. Lauyoyi suka koma gardama kan mene ne tsayayyen wurin kasuwanci: gidan ma'aikaci mai aiki daga ɗaki bai isa ba, na'urorin ajiyar bayanai ba tare da ma'aikaci ko wakili ba su ma ba su isa ba, amma kanti ya isa. A 2019 Apple ya rufe shagunansa na Plano da Frisco, waɗanda ke cikin gundumar gabashin Texas, ya buɗe sabo a Dallas, wadda ke wata gundumar. Lauyoyi da yawa sun karanta wannan ƙaura da idon taswirar kotu.

Sai dai hukuncin bai taɓa ƙofa ta farko ba, kuma kamfanonin cikin gida kaɗai ya shafa. Tun 1972 Kotun Ƙoli ta ce baƙon da ba ɗan ƙasa ba ana iya kai shi ƙara a kowace gunduma, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta sake tabbatar da haka a 2018 a shari'ar HTC na Taiwan. Mafi yawan wayoyi da talabijin da ƙwaƙwalwar kwamfuta a Asiya ake ƙera su. Saboda haka mai ƙara sai ya kauce wa reshen kamfani da ke da rajista a Delaware ko Kaliforniya, ya rubuta sunan uwar kamfanin da ke ƙetare. Ita ba ta da kariyar mazauni, abin da ya rage mata kawai shi ne ta ce kotun ba ta da hurumi a kanta. A nan lauyan mai ƙara zai miƙa rasit daga wani kanti a gundumar, da hoton kwali mai tambarin kamfanin, ya buɗe wa alƙali hukuncin fanka na 1994.