Buhar mai ɗigo biyu bai isa kamu ba

'Yan uwa masunta da iyayenmu mata masu sayen kifi a kasuwar Sigala ta Bur Sudan, ina so mu yi maganar buhar, jan kifin nan da ke zama a gefen duwatsun murjani na Bahar Maliya, wanda masana ke kira Lutjanus bohar.

Gane shi ba wuya. Ka ɗaga shi ka dubi fuskarsa, za ka ga wani ɗan kwari da ya taso daga hanci zuwa gaban ido. Bayansa ja ne mai duhu, cikinsa ya fi haske, fikafikansa sun yi baƙi-baƙi, ga fiƙa a baki don kifi yake ci, da ƙaguwa da jatan lande. Ƙaramin kuwa yana da fararen ɗigo biyu a gadon baya, ɗaya wajen tsakiya, ɗaya kusa da wutsiya. Idan ya girma galibi sai su ɓace.

Waɗannan masu ɗigon su ne damuwata, domin ina yawan ganinsu a tire. Buhar ba ya saurin girma ko kaɗan. Ana ƙidaya shekarunsa ta zoben da ke cikin ƙashin kunnensa, kamar yadda ake yi wa kututturen itace, kuma a tekun Ostareliya an samu waɗanda suka haura shekara 50. A can ne aka gano cewa macen sai ta kai kusan shekara 9, tsawonta wajen santimita 43, kafin ta fara zuba ƙwai. Ke nan wanda bai wuce tafin hannu ba ko sau ɗaya bai haihu ba. Babban yakan kai santimita 90, kuma manyan matan nan su suka fi ƙwai.

Ga kuma ɗabi'arsa ta taruwa garke guda lokacin haihuwa. Mai kwale-kwale zai ga kamar arziki ne ya sauka, amma idan aka kwashe garken, wurin zai daɗe bai farfaɗo ba. Tun 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sanganeb da Dungonab, wurare biyu masu duwatsun murjani a tekun Sudan, cikin wuraren gadon duniya, a kiyaye dokar kamun kifi a can.

Malam mai fatsa, ka ƙara girman ƙugiya. In mai ɗigo ya kamu, jiƙa hannunka, cire ƙugiyar a hankali, ka mayar da shi ruwa nan take. Hajiya, in kin gan shi a tire ki wuce, ki kuma gaya wa mai sayarwar dalili.